Katin da ke zuwa da kuɗin amsarsa: abin da ya haɗa Kontagora da taron Lisbon

Lokacin da sojojin Lugga suka shiga Kontagora a Janairun 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice daga garin, Turawan da suka zauna a wurin sun zo da wata damuwa da gidajen waya na Turai suka daɗe suna fama da ita: wa zai biya kuɗin amsar wasiƙa?

Kan sarki ba ya aiki sai a ƙasar da ta buga shi. Wanda ke Ingila ba shi da yadda zai aika wa ɗan'uwansa a Kontagora ko Zungeru kan sarkin da zai manna wa amsa.

Ostiriya ce ta fara fitar da katin wasiƙa a 1 ga Oktoba, 1869. A 1872 aka ga sabon salo a Jamus: kati biyu a manne, kowanne da kan sarkinsa a buge. Mai aikawa ya rubuta a ɗaya, wanda aka aika wa ya yage ɗayan, ya rubuta amsa, ya jefa ba tare da ya biya ko anini ba.

A cikin gida babu gardama. Da katin ya ƙetare iyaka sai rigimar kuɗi ta taso. Yarjejeniyar Bern ta 1874, wadda ta haifi Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, UPU, ta ce kowace ƙasa ta riƙe kuɗin da ta karɓa, bisa zaton kowace wasiƙa za ta jawo amsa, ciniki ya daidaita. Katin amsa ya karya wannan lissafi, domin kuɗin zuwa da na dawowa duk sun tsaya a aljihun ƙasa ɗaya, ɗayar kuwa ta yi dako kyauta. Duk ma'aikacin da ya taɓa zaman rabon kuɗin shiga tsakanin hukumomi biyu a Abuja ya san irin wannan zama.

Sai a taron Lisbon na 1885 aka wajabta wa kowace ƙasa ta mayar da rabin katin, ko da ita ba ta buga irinsa. Taron Rum na 1906 ya ƙaro takardar musaya, wadda ake kaiwa gidan waya a karɓi kan sarkin ƙasar. Ta fara aiki a 1907.

Nijeriya ta shiga UPU da sunanta a 1961, katin na kan tsufa. Taron Tokyo na 1969 ya soke shi a wasiƙun ƙasa da ƙasa, sokewar ta fara aiki a 1971, shekara 14 kafin a kafa NIPOST.