Yadda ake koya wa likitocin kansar mata fiɗa da na'urar robo

A manyan asibitocin Amurka da Faransa, likitan da ke cire mahaifa mai kansa yakan zauna ne gefe guda, idonsa cikin madubin na'ura, yatsunsa kan maɓallai. Hannuwan ƙarfe huɗu ne ke shiga cikin majinyaciya ta ƙananan ƙofofi. Robon ba ya yanka komai da kansa. Motsin hannun likita yake bi.

Wadda aka fi sani ita ce da Vinci, ƙirar wani kamfanin Kalifoniya. Hukumomin Amurka sun amince da ita a 2000, sannan a 2005 suka yarda a yi fiɗar mata da ita.

Wurin koyarwa ne ta fi kawo sauyi. A da, ɗalibi yakan tsaya gefen malami yana riƙe kayan aiki, yana leƙe. Yanzu yakan fara da kwamfutar gwaji, ya yi ta ɗinki da ƙulli ba a jikin kowa ba, na'ura tana lissafa kurakuransa. Bayan haka ya hau kujera ta biyu kusa da malami, su biyun suna ganin abu ɗaya. In ya kusanci jijiyar jini ko bututun fitsari, malami ya karɓe aikin nan take. Sai dai yawancin na'urorin ba sa bai wa yatsu jin taurin nama, ido ne ke maye gurbinsu.

A 2018 aka samu labarin da ya girgiza likitoci. Binciken da Dokta Pedro Ramirez na birnin Hustan ya jagoranta kan mata 631 masu kansar bakin mahaifa ya nuna cutar ta fi dawowa ga waɗanda aka yi wa fiɗar ƙananan ƙofofi, da robo ko babu, kan waɗanda aka buɗe wa ciki. Asibitoci da yawa suka koma tsohuwar hanya ga wannan kansar, ko da yake ga kansar cikin mahaifa ƙananan ƙofofin ne aka fi so har yau.

Nan matsalar take: matashin likitan da ya tashi kan kujerar robo ba lalle ya saba buɗe ciki ba, alhali ran da jini ya ɓalle, wuƙa da hannu za a koma. A nan Nijar, inda kansar bakin mahaifa ke cikin masu yawan kashe mata, kuma kuɗin na'ura ɗaya ya haura dala miliyan guda, wannan ƙwarewar hannun ce ya kamata ɗalibanmu da ke karatu a waje su dawo da ita.