Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Dattawa Da Karatun Wayar Hannu

A farkon shekarar ⁠2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi ƙaranci bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, dattawa na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Da yawa suna da kuɗi a banki, ga waya a aljihu, amma ba su iya tura ko sisi ba. Dole suka riƙa miƙa kati da lambar sirri ga yara ko masu POS, abin da ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa.

Koyar da manya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun a shekarun 1950 aka shiga yaƙi da jahilci a Arewa, a 1980 kuma gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya a Jihar Kano, sa'an nan aka kafa ta tarayya a 1990. Amma tun da wayar hannu ta shigo a 2001 kiɗa ya sauya, don haka tilas rawa ma ta sauya.

Hanyar da ta dace da dattijo ita ce a haɗa masa karatu iri biyu, watau na gaban malami da na cikin waya. A aji malami zai zauna kusa da shi, ya nuna masa yadda ake duba ragowar kuɗi, da ƙara girman rubutu, da gane saƙon ƙarya. In ya koma gida sai a aika masa da darasin cikin murya ta WhatsApp, da Hausa, ya saurara sau nawa ya ga dama ba tare da jin kunyar kowa ba. Mai ƙaramar waya kuwa sai a koya masa lambobin banki da ake dannawa ba da intanet ba.

Dalilin haɗawar shi ne waya ba ta ganin inda yatsa ya kuskure, aji kuma ba kullum ake zamansa ba. Har wa yau dattijo ya fi sakin jiki cikin tsararrakinsa, mata kuma a hannun malama.

Darasin farko dai guda ne, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya haddace shi: banki ba ya buga waya ya tambayi lambar sirri.