Heisnam Kanhailal da Wasan Kwaikwayon Manipur

Heisnam Kanhailal, wanda aka haifa a 1941 ya kuma rasu a 2016, ya ƙarar da rayuwarsa wajen shirya wasan kwaikwayo da horar da 'yan wasa a Manipur, jihar da ke arewa maso gabashin Indiya. A 1969 ya kafa ƙungiyar Kalakshetra Manipur, inda ya taƙaita zance, ya ɗora nauyin ma'ana a kan jiki da numfashi da murya. Ƙarfin wannan salo ya bayyana a wasansa Pebet na 1975, wanda ya samo asali daga tatsuniyar wata tsuntsuwa da kyanwa ta raba da 'ya'yanta, ya kuma zama koke mai ratsa zuciya kan danne al'adun Meitei, wato ƙabila mafi yawa a jihar. Matarsa Sabitri ce ta fito a matsayin uwar tsuntsayen.