Jinya amana ce: yadda ake gane zaluncin da ake yi wa tsofaffi da marasa ƙarfi

A kowane gari na gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji akwai mutanen da ba su iya riƙe kansu. Akwai tsohon da ƙarfinsa ya ƙare. Akwai makauniya, da gurgu, da kurma. Akwai mai taɓin hankali, da mai farfaɗiya, da wanda shanyewar jiki ta kwantar. Dukansu manya ne, ba yara ba. Amma cinsu da shansu da wankansu suna hannun wani.

Wurare 3 ne ake jinyar irin waɗannan mutane: cikin gida, gidan mai maganin gargajiya, da gidan likita. Yawancin masu jinya mutanen kirki ne, suna haƙuri dare da rana. Amma wani lokaci, a wurin jinyar ne ake cutar mutum. Shi kuwa ba ya iya kai ƙara, domin mai cutarsa shi ne mai dama masa fura.

Abin ya game duniya. A shekarar 2017 anka tattara binciken ƙasashe 28, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana sakamakon. Cikin mutum 6 masu shekara 60 ko fiye, an zalunci 1 a cikin shekara guda. Kaɗan ne ƙwarai ake jin labarinsu. Saboda haka tun 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 15 ga watan Yuni ta kowace shekara don faɗakarwa kan zaluntar tsofaffi.

ZALUNCI IRI 5 NE

1. Cutar da jiki. Bugu, mintsini, tunkuɗewa, ƙuna, ɗauri da igiya ko sarƙa. Ɗura wa mutum maganin barci don ya daina damun mutane, shi ma cuta ce.

2. Cutar da zuciya. Zagi, tsawa, gori, ba'a. A ce wa tsohuwa mayya. A hana ƴan'uwa su gaishe ta. A riƙa ce wa marar lafiya za a kore shi. A binciken 2017, wannan shi ne ya fi yawa, ko da yake ba ya barin tabo a fata.

3. Cin dukiya. A sayar da akuyar tsoho bai sani ba. A jinginar da gonarsa. A riƙe kuɗin da ɗansa ya aiko daga cin rani. A kama yatsansa a dangwala bisa takardar da ba a karanta masa ba. A aika makaho bara, da marece a amshe abin da ya samu.

4. Sakaci. A bar mutum da yunwa ko ƙishirwa. A bar shi kwance cikin fitsari. A ƙi kai shi gidan likita alhali da hali. A bar shi babu mayafi lokacin ɗari, babu gidan sauro lokacin damina.

5. Lalata. Mace mai taɓin hankali, ko kurma, ko makauniya, tana cikin hatsari fiye da sauran mata. Miyagu sun san ko ta faɗa ba za a yarda da ita ba. Wadda ba ta cikin hankalinta ba ta iya ba da yarda. Duk wanda ya kusance ta, fyaɗe ya yi.

ALAMOMIN DA AKE DUBAWA

Mai rauni ba safai yake faɗa da bakinsa ba. Amma jikinsa da halinsa suna faɗa. Ga abin da ya kamata mai zuwa gaisuwa ya lura da shi:

- Shatar igiya ko sarƙa a wuyan hannu ko a idon sawu.
- Tabon bulala, ƙuna, ko kumburin da anka kasa bayyana dalilinsa.
- Rama mai sauri, alhali akwai hatsi cikin rumbu.
- Busasshen leɓe, da tulu ko moɗa nesa da shimfiɗa.
- Gyambo a ƙugu, gadon baya ko dunduniya. Kwanciya gefe guda ke kawo shi. Wanda ba ya iya motsi, ana juya shi kamar kowace awa 2.
- Mutum mai fara'a ya koma shiru, ko ya firgita in wani ya shigo ɗaki.
- Mai jinya ya hana a gana da shi, ko ya riƙa amsa tambaya a madadinsa.
- Bisashe ko kayan ɗaki suna raguwa, mai su bai san inda sunka tafi ba.

Alama guda ba shaida ba ce. Tsoho yakan faɗi da kansa ya ji ciwo. Mai gigin tsufa yakan manta ya ci tuwo, ya ce an hana shi. Saboda haka ba a saurin zargi. Amma in alamomi sunka haɗu, ko sunka maimaitu, to, a bincika.

MARI BA MAGANI BA NE

Iyalai da yawa sukan kai mai taɓin hankali gidan malam ko gidan boka. Suna kai shi ne don neman sauƙi. A wasu gidajen ana kula da shi da mutunci. A wasu kuwa ana sa masa mari a ƙafa, a ɗaure shi jikin gungume, a riƙa bugunsa wai ana korar iska.

Abin da ya faru a maƙwabciyar ƙasa Najeriya ya isa ishara. A watan Satumba na 2019, ƴan sanda sunka shiga wani gida a unguwar Rigasa cikin Kaduna. Sunka fitar da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabo. A watan Oktoba na shekarar, anka buɗe wani gida irinsa a Daura, kusa da iyakar Nijar. Iyaye ne sunka kai yawancinsu da hannunsu, har suna biyan kuɗi, da zaton gyara ake yi. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto cewa ta samu shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60.

Sarƙa ba ta warkar da ƙwaƙwalwa. Tana cin ƙafa, tana kawo gyambo, tana ƙara firgita. Taɓin hankali ciwo ne, kuma akwai maganin da ke kwantar da shi. Farfaɗiya ma tana da ƙwayar da ake sha kullum, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. Addu'a ba ta hana zuwa gidan likita. Duk wanda ya kai ɗan'uwansa gidan mai magani, ya riƙa zuwa dubiya ba tare da sanarwa ba. Ya duba ƙafafunsa da bayansa. Wurin da anka hana dangi shiga, ba wurin barin mutum ba ne.

A GIDAN LIKITA

Marar lafiya yana da haƙƙi a ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, da cibiyar lafiya da ake kira CSI, da asibitin gunduma. A yi masa magana da ladabi. A rufe masa jiki lokacin dubawa. A bayyana masa ciwonsa da harshen da yake ji. A riƙe sirrinsa. In ya biya kuɗi, a ba shi takardar shaida. Wanda anka yi wa tsawa, ko anka amshi kuɗinsa babu takarda, ya gaya wa majo, ko kwamitin kula da cibiyar, wato COGES. In bai samu biyan bukata ba, ya kai maganar ga shugaban likitocin gunduma.

Wasu ana yasar da su ne saboda jahilci game da ciwonsu. Kuturta tana warkewa da ƙwayoyi cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganin kyauta. A Danja, kudu da Maraɗi, akwai asibitin da ya daɗe yana kula da masu wannan ciwo. A 2012 anka buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari a nan Danja. Matar da haihuwa ta bar wa yoyo, wurinta asibiti ne, ba bukkar bayan gida ba.

Haka kuma ga baƙi. Tun 2019 dubban mutane sunka gudo daga Zamfara, Sakkwato da Katsina saboda ƴan bindiga, sunka shigo gundumar Gidan Rumji. An tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Cikinsu akwai tsofaffi da naƙasassu waɗanda sunka rabu da danginsu. Taimakon da ake raba musu kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi ko jikin mace kafin ya rubuta suna, ya yi babban laifi.

ME KE KAWO WANNAN?

Ba kullum mugunta ba ce. Samari sun tafi cin rani, an bar mace guda da daka, da ɗiban ruwa, da yara, da jinyar suruka. Gajiya takan haifi tsawa, tsawa ta haifi bugu. Talauci ma yana ciki. Ƙarancin gona yana ciki: a wannan yanki jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, magada sun ƙosa. Shaye-shayen ƙwaya yana ciki. Sanin dalili ba ya wanke mai laifi. Amma yana nuna magani: a raba aikin jinya tsakanin dangi, kada a bar shi kan mutum guda.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta hana bugu da raunatawa, da fyaɗe, da cin amana, da tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba. Ba ta cire tsoho ko mai taɓin hankali daga kariyarta ba. A 1993 gwamnati ta kafa dokar kare naƙasassu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A 2019 anka yi sabuwar doka kan shigar da su cikin harkokin jama'a.

Game da gona, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Cofo. Ciniki ko jinginar gona, a gaban mai gari da kwamitin ake rubuta shi, da shaidu. Mai gona ya kasance a wurin, ya ji da kunnensa, ya yarda da bakinsa.

MATAKAN DA AKE BI

1. A gana da mutumin shi kaɗai, a saurare shi da natsuwa. Kada a ƙaryata shi, kada kuma a sa masa magana a baki.
2. In akwai rauni, a kai shi gidan likita nan da nan. In fyaɗe ne, kada a wuce kwana 3, domin maganin kariya daga cutar sida cikin awa 72 yake aiki.
3. A rubuta abin da anka gani: rana, wuri, da irin raunin.
4. In sakaci ne ko gajiya, a tara dangi, da liman, da mai gari, a sake tsarin jinya. Bayan mako guda a komo a duba.
5. In bugu ne mai tsanani, ko ɗauri, ko fyaɗe, sai jandarma da kotu. Sarakuna suna sulhu kan gona da rigimar gida, amma babban laifi ba na sulhu ba ne.
6. Kada a yaɗa maganar a kasuwa ko bakin rijiya. Mutuncin wanda anka cuta shi ne gaba.

AIKIN ƊALIBAN YAƘI DA JAHILCI

Wanda ya iya karatu yana da abin taimako a hannunsa. Shi zai karanta wa tsoho takarda kafin ya dangwala yatsa. Shi zai karanta takardar magani, ya ga ko ana ba da shi kan lokaci. Shi zai rubuta kuɗin da anka aiko da abin da anka kashe. Kowane aji yana iya rubuta sunayen marasa ƙarfi na garinsa, ya raba su tsakanin ɗalibai. Maza su gaida maza, mata su gaida mata, ko sau 1 a mako. Gidan da ake yawan shiga gaisuwa, da wuya a ɓoye zalunci a cikinsa.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA A AJI

1. Waɗanne ne iri 5 na zalunci?
2. Mutum nawa ne cikin gari ba su iya riƙe kansu? Wa ke jinyar kowane?
3. In an ga shatar igiya a hannun marar lafiya, wa za a fara gaya wa?
4. Yaya dangi za su raba aikin jinya lokacin da samari sunka tafi cin rani?