Takobin Bayajida: Kyauta Ce Ko Aro?

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makarantar kwana, kun dai san irin gardamar da ake yi bayan an kashe fitila. To, irinta ce ta kusa raba ni da aminiyata a shekarar 1994, muna aji huɗu. Kuma wallahi ba a kan saurayi ba, a kan takobi.

Ni 'yar Daura ce, ita kuwa 'yar Gaya ta Jihar Kano. Rannan ina ta cika baki cewa in an yi hutu zan kai su Sallar Gani, su leƙa rijiyar Kusugu, su ji labarin takobin da Bayajida ya sare macijiya Sarki da shi, wanda ke ajiye a fada. Lokacin Alhaji Muhammadu Bashar ne Sarkin Daura, shi da ya yi sarauta daga 1966 har rasuwarsa a 2007. Sai kawai ta ja tsaki ta ce, "Ke dalla can! Da kayan aro kuke tinƙaho. Maƙeranmu ne suka ƙera."

Abin haushin shi ne, ba ƙarya ta shara ba. Labarin ya ce da ya gudo daga Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, ya biyo ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Nan take ɗakinmu ya rabu biyu. Wasu suka ce ai wanda ya ba da aikin ƙira shi ke da kaya. Wasu suka ce baƙon da ke gudun ceton rai, da me ya biya? Wata mai wayo ta ce wuƙa aka ƙera, takobi ke fada, ashe makamai biyu ne. Wata ma'abociyar littattafan Turanci har ta kawo zancen Sarki Arthur na Ingila, wanda aka mayar da takobinsa cikin tafki da ajali ya zo masa, wai makami mai asiri ba a gādonsa.

Sati biyu muna gaba. Hutu ya zo, ba ta biyo ni ba.

Da na kai ƙara wajen kakata, dariya ta yi har da tafa hannu. Ta ce, "Ja'ira, kuna faɗa a kan ƙarfe! Abin da aka ce ya ara a garin nan ai guga ce, gugar tsohuwa Ayana da ta sauke shi. Ta gaya masa ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya ce ta dai ba shi. In babu gugar nan, da me zai taso macijiyar?"

Sannan ta ce babban rikicin ma a kan gari ne. Bagwariya ta haifi ɗa ta sa masa Karɓagari. Sarauniya Daurama, da ta haifi nata, sai ta ce Bawo, wato a mayar wa mai shi abinsa. Kun ji kishi na manya, ba zagi ba dambe, da suna kawai aka gama magana.

Daren nan na yage takarda daga littafin lissafi na rubuta mata wasiƙa, na amsa cewa ƙirar dai tasu ce. Da Gani ta zagayo ta zo, muka sha ruwan Kusugu tare. Yanzu duk mun aurar da 'ya'ya, amma in ta bugo waya, kafin ta tambayi maigida sai ta ce, "'Yar Daura, yaushe za ku dawo mana da kayanmu?"