Mai Ciki da Maganin Ciwon Damuwa: A Sha ko a Bari?

A ranar awon ciki a babban asibitin Makarfi ko na Ikara, ko a ƙananan asibitocin ƙauyukan Kudan, akan auna nauyin mace, a gwada jininta, a saurari bugun zuciyar ɗan tayi. Abin da sikeli ba ya aunawa shi ne halin da zuciyar uwar take ciki. Matar da ta yi makonni ba barci, abinci ya fita ranta, ta ƙaurace wa mutane, tana kuka ba dalili, sau da yawa akan ce laulayi ne, ko kuwa iskoki. Alhali waɗannan alamu ne na ciwon damuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kama fiye da mace 1 cikin 10 na masu ciki da masu jego.

Ciwon yana da magani. Daga cikin magungunan akwai tsohon nan mai araha, Amitriptyline, da na baya-bayan nan irin su Fluoxetine da Sertraline. Aikinsu shi ne ƙara yawan wasu sinadarai da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo da su, kuma sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga amfaninsu. To, amma idan mai shan su ta sami ciki fa?

Tsoron yana da tushe. Jinin uwa da na ɗan tayi ba sa gaurayuwa, amma ƙananan sinadarai suna ratsa mabiyiya su isa gare shi. Duniya ta koyi wannan darasi tsakanin 1957 da 1961, lokacin da maganin Thalidomide, da ake bai wa masu laulayi, ya sa aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar gaɓoɓi. Bugu da ƙari, zuciya da sauran sassan jiki suna ginuwa ne daga mako na 3 zuwa na 8 da shigar ciki, wato lokacin da kunya, musamman ta cikin fari, kan hana mace faɗa wa kowa.

Sai dai binciken shekaru masu yawa ya nuna akasarin magungunan damuwa ba su kama ƙafar Thalidomide ba. An fi sa ido kan Paroxetine, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2005 cewa yana iya ƙara haɗarin nakasar zuciya. Idan uwa ta sha magani har ƙarshen ciki, kusan jarirai 3 cikin 10 kan yi rawar jiki, ko yawan kuka, ko wahalar kama nono, amma yawanci yakan wuce cikin 'yan kwanaki.

Barin magani kuma ba tudun mun tsira ba ne. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2006, kan mata 201 da suka taɓa fama da ciwon mai tsanani, ya dawo wa kashi 68 cikin 100 na waɗanda suka daina sha, amma kashi 26 kacal na waɗanda suka ci gaba. Uwar da ciwon ya danne ba ta cin abinci sosai, takan bar zuwa awo, tana iya haifar bakwaini ko jariri marar nauyi, wani lokaci ma har ta yi tunanin kashe kanta. Gaba kura ke nan, baya sayaki. Saboda haka likita yakan auna haɗarin biyu ga kowace mace daban.

Idan ciwon bai yi tsanani ba, akan fara da tattaunawa. A ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan, rahoton 2008 ya nuna ma'aikatan lafiya mata da aka horar, masu bi gida-gida, sun rage ciwon da fiye da rabi ba tare da ƙwaya ba. Mai tsanani kuwa yana bukatar magani, kuma akwai ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna.

Abubuwa uku ne ya kamata ɗalibi ya kai gida. Kada mai ciki ta sayi irin wannan magani a kemis ba da takardar likita ba. Wadda take sha kada ta yanke shi kwatsam, domin hakan na kawo jiri da rashin barci. Ta garzaya asibiti da zarar ta ga ɓatan wata. Sannan ta haihu a asibiti, ta gaya wa ungozoma sunan maganin, don a lura da jaririn a kwanakin farko. Miji da uwar miji kuwa, su ne sukan fara ganin canji. Babban taimakonsu shi ne su raka ta awo, su bari ta faɗi abin da ke ranta.