Hukuncin Daddawa Da Ruwan Khal A Girkin Gida

Wani ma'aikacin gwamnati a Gumel ya tare ni da tambaya bayan sallar Juma'a. Ya ce an gaya wa iyalinsa wai daddawa tana da shubuha, domin sai ta ruɓe ake cinta, kamar yadda giya take tsima. Wannan magana kuskure ce. Na ga ya wajaba a warware ta, domin akwai mata da yawa a ƙasar Gagarawa da Sule Tankarkar waɗanda da wannan sana'a suke ciyar da 'ya'yansu.

Abin da shari'a ta rataya haramci a kansa shi ne maye. Tsami da wari ba su haramta abinci. Kalwa, watau 'ya'yan ɗorawa, dafa ta ake yi, a cire ɓawo, a rufe ta kwana biyu ko uku, sannan a daka a shanya. Babu wanda ya taɓa buguwa da ita. Haka daddawar batso, wadda ake yi da gurguzu, 'ya'yan yakuwa, kuma ita ce madadin kalwa a nan arewa inda ɗorawa ta yi ƙaranci.

Ruwan khal ma halal ne. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci. Kuma a Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda malamanmu Malikawa suke dogara da shi, giyar da ta juye ta zama khal tana cikin abubuwa masu tsarki.

Saura na kwalba da ake shigowa da su daga waje. Fitaccen cikinsu shi ne na Lea & Perrins, wanda aka fara yi a garin Worcester na Ingila a shekarun 1830. Da khal ake haɗa shi, da albasa, da tafarnuwa, da ƙananan kifi, da tsamiya. I, tsamiyar nan tamu ta kunu! Kifi kuwa halal ne. Amma akwai waɗansu irinsu da ake zuba wa giya wadda ba ta juye ba, saboda haka wajibi ne ɗan kasuwa ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya sayar wa Musulmi.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya jiƙa tsamiya, ya tace, ya haɗa da batso da tafarnuwa da ɗan barkono. Duk ana samunsu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis.